Launin Bangon Gwaggo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Gwaggo da yara. Mu nan lafiya lau. Uwar yara ce ta yi fama da hawan jini, shi ma ya sauka tun da na daina kawo mata hirar shago a kan abinci.

Na san za ki ce me ya kai Bakan-gizo ga biro da takarda, ga waya a aljihu. Ke kika ce a waya ba na barin mutum ya kai ƙarshen magana, to ga fili nan. Dalili na biyu yana cikin ambulan ɗin, ki buɗe a hankali.

Autarki ta kira ni, kada ki yi mata faɗa. Ta ce likita ya daɗe da cewa gwiwarki sai tiyata, tsayuwar gidan burodi ta cinye ta, ke kuma kina ta ɗagawa don ba ki da inda za ki bar Gwaggo tsawon watannin da za ki yi a kwance. Ta ce in aka ƙara jinkiri tafiyar ma za ta gagare ki. Haba Yaya! Ina raye? Ni da na gina bene da gumina, ba gado, ba digiri, daga aji uku na sakandare na ɗauki burushi, yau motocin kamfanin fentina ke yawo a gari?

Ga shawarar da na yanke. Gwaggo za ta dawo wurina. Na ware mata ɗakin ƙasa, mai taga biyu, da bayi a ciki. Autar ta gaya min Gwaggo ba ta yarda da baƙon wuri, na ce wannan ƙaramin abu ne. Zan mayar mata da ɗakin nan ɗakinmu na da. Kin tuna launin bangonmu? Ranar da Gwaggo ta kawo ni gidanku bayan rasuwar mahaifina, ina riƙe da gefen zanenta, wando ɗaya gare ni a duniya, abin da na fara gani ke nan. Ba shuɗi ba, ba kore ba, ba toka ba. Da safe in rana ta shigo ta 'yar tagar nan, sai ya zama kamar ruwan kogi bayan an ɗauke ruwan sama. Na daina kuka ina kallonsa. Ke kuma kina zaune a kan tabarma kin murtuke fuska don an ce ki matsa min.

Babanki, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ya san wannan haɗin, ya kuma tafi da sirrinsa. Kullum ina gaya wa ma'aikatana, mai fentin da ya raine ni yana da wani launi da babu kamfanin da ya taɓa yin irinsa. Amma kin san ƙaninki. A nuna min gefen gyale sau ɗaya, zan haɗa launinsa ba da na'ura ba. Ga kwalaye uku nan na shafa musu haɗina. Hoton waya ƙarya yake yi wa launi, shi ya sa na aiko su a hannu. Ki nuna wa Gwaggo a hasken rana, ta zaɓi wanda ya dace. Ni dai na san na tsakiya ne.

Ai ya isa haka, Yaya. Lokaci ya yi da Gwaggo za ta samu irin kulawar da ta dace da ita.

Ƙaninki,
Bakan-gizo

* * *

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Yaya ƙafa? Yaya Gwaggo? Mu lafiya, sai jira.

Direban da ya kai miki wasiƙata ya rantse min a hannunki ya sa ta. Wata ya mutu wani ya tsaya, ban ji komai ba. Na kira, waya ta yi ta kuka har ta gaji. Na kira Auta, ta ce, “Kawu, ni dai ba ruwana,” ta kashe. Wannan wace irin amsa ce?

Na zauna na yi tunani, na gane kwalayen ne ba su dace ba, kina jin nauyin gaya min. Ki faɗa kawai, ba zan mutu ba. Na sake zama da kaina a bayan shago, na kori kowa, na yi sabon haɗi. Wannan karon na ƙara ɗan rawaya, don na tuna wajen da Gwaggo ke rataye fitila akwai wani haske-haske kamar ƙwai. Dogo, babban ma'aikacina, ya leƙo ya ce, “Maigida, wannan bangon naku hawainiya ne? Jiya ka ce kore-kore ne.” Na ce ya je ya ga ko ana nemansa a waje.

Ɗakin kuwa sai kin gani! An goge bango ya yi sumul kamar tafin jariri. Fentin da zan sa irin mai tsadar nan ne da ba shi da wari ko kaɗan, yau a shafa, yau a kwana. Na sa ƙarfen dafawa a bayi, na sayi katifar asibiti. Uwar yara har labule ta ɗinka, ta ce sai an tsayar da launi za ta san ko ta yi asara.

Ki ba ni amsa, don Allah. Gwiwa ba ta jiran mai fushi, in ma fushin kike, ban san me na yi ba.

Naki,
Bakan-gizo

* * *

Bakan-gizo,

Wa alaikumus salam. Mun samu wasiƙunka duka biyu. Inna, Gwaggon taka, lafiyarta ƙalau, tana cin abinci, tana faɗa. Ƙafa tana nan yadda ka ji.

Ba ka san me ka yi ba? Ɗauko abin da ka rubuta a ƙarshen ta farko. “Irin kulawar da ta dace da ita.” To wadda take samu a hannuna wace iri ce? Ni ke yi mata wanka. Ni ke tauna maganar da za a gaya mata don kada ranta ya ɓaci. In na dawo daga gidan burodi ƙafa kamar an hura, sai na durƙusa na yanke mata farce kafin in zauna. Kai kana aiko saƙo, ban raina ba, Allah ya saka. Amma na karanta layin nan na ninke takardar na sa ƙarƙashin tire, na ce bari mai bene ya jira.

Yanzu na huce, don wasiƙarka ta biyu ta ba ni dariya har Inna ta tambaya ko lafiya. Sirrin haɗi! Kai Bakan-gizo, girma ya zo hankali yana hanya. Baba ba shi da wani sirri. Lebura ne a ƙarƙashin wani ɗan kwangila. In an gama aiki a gidajen masu hali, sai ya roƙi gwangwanayen da aka zubar, ya kawo gida, ya kankare gindinsu da cokali, ya juye a tsohon bokitin ƙarfen nan da ke bayan ƙofa. Ja, fari, kore, duk wanda ya samu. In ya yi kauri ya tsinka da kananzir. Bai taɓa samun wanda zai ishi bango guda ba, sai dai ya shafa inda damshi ya ci, faɗin tabarma ko ƙasa da haka. Wannan watan nan, wata mai zuwa can. Dogonka ya fi ka gaskiya, bangon hawainiya ne. Kana tsammanin a ina ka samo sunanka? Kullum akwai ɗanyen wuri a bangon, kullum kuma sai ka jingina da shi. Rigarka ta makaranta babu launin da babu a bayanta.

Maganar tahowarta kuwa, kada ka ɗauke ta da wasa. Bara na kai ta gidan babbar 'yata don in je a duba ni. Ta ɗaure kayanta a ɗankwali, ta zauna bakin ƙofa da ƙullin a cinya, ba ci ba sha, tana cewa a mayar da ita gida. Kwana biyu na je na ɗauko ta. In ta yi maka haka ina kan gadon asibiti, wallahi da ɗinkin zan taso. Gara in zauna da gurguwar ƙafata.

Ka gaida uwar yara, ka ce ta yi haƙuri da labule, da mai labulen.

Yayarka

* * *

Yayata ta kaina,

Gaisuwa irin ta mai laifi. Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya, ya ba ki sauƙin ƙafa.

Layin nan ba haka na nufa ba, Allah shi ne shaida. Nufina kulawar da ta dace ta samu daga gare ni, ni da na ci abincinta na girma na tafi. Abin da kike yi, ko na sayar da motocin nan duka ban isa in yi rabinsa ba. Ki yafe min. Kin san makarantar tawa ba ta yi nisa ba, baki ya fi biro gudu. Uwar yara ta karanta taki ta ce, “Na gode wa Allah, yau an samu mai gaya maka.”

Amma Yaya, bokitin! Ina karantawa na miƙe tsaye a ofis na buga tebur, har akawu ya shigo da gudu. Bokitin ƙarfe mai lanƙwasasshen hannu, da murfin katako, da sandar juyawa da ta yi kauri saboda busasshen fenti! Duk ya dawo min. Na tuna Baba yana shigowa da yamma, gwangwanaye na ƙara a bayan kekensa, mu fita da gudu mu ga wane launi ya zo yau. Na tuna ranar da ya kawo ja, kika ce a yi miki a farce, Gwaggo ta bi ki da tsintsiya. Na tuna yana ɗora ni a wuya in shafa can sama inda hannunsa bai kai ba, yana cewa, “A hankali, injiniya, bangon mutane ne.” Ashe hannunsa yana kaiwa sarai. So yake in riƙe burushi. Ni kuma shekara da shekaru ina gaya wa mutane ni na koya wa kaina sana'a.

Kada ki ce na ji kunya don ragowa ce. Ƙaruwa na yi. Mutumin da ya tara abin da masu kuɗi suka zubar ya yi mana ɗakin da har yau ban ga mai kyansa ba, ai ya fi mai sirri.

Washegari na ba da umarni a duk wuraren aikinmu kada a yar da gwangwani ko ɗaya. Na sa an nemo min bokitin ƙarfe a wajen masu tsofaffin kaya. Ki zo ki ga mai kamfani zaune a kan bulo da cokali yana kankarar gindin gwangwani, ma'aikata na leƙe ta taga. Dogo ya ce, “Maigida, in karyewa muka yi ka gaya mana da wuri.” Na ce kai dai miƙo kananzir. Fentin mai na yi amfani da shi irin na Baba, ba na ruwa ba. Da na juya, na juya, sai ga wani abu ya fito, ba shuɗi ba, ba kore ba. Sai da na fita waje na share ido.

Ga shi nan a kwali ɗaya tak, ko gama bushewa bai yi ba, na naɗe shi a leda. Ki nuna mata. In ta ce shi ne, in shafe ɗakin duka, in bar tagogi a buɗe har warin ya fita tas kafin ta iso.

Ƙaninki mai jiran hukunci,
Bakan-gizo

* * *

Ƙanena,

Salamu alaikum. Na yafe, magana ta wuce. Inna lafiya. Ni kuwa jiya a wurin aiki sai da aka riƙo ni zuwa bakin titi. Likita ya ba ni rana a farkon wata, ya ce in na sake ɗagawa in nemi wani likitan.

Akwai abin da ban gaya maka ba don kada ka tayar da hankalin duniya. Idon Inna ya tafi. Tana bambance haske da duhu, shi ke nan. An duba, an ce jijiya ce, ba abin da za a yi. Da bango take tafiya, tana shafawa da hannu. Launi kam, ko ka kawo bakan gizon gaske ba za ta gani ba.

Amma saurara, kada ka ajiye takardar. Kwalayenka na farko da na ba ta, ta shafa, ta kai hanci, ta ce, “Wannan takardar me ce ce?” ta ajiye. Na jiya kuwa, ina kwance ledar ta ɗago kai daga inda take. Ta ce in miƙo. Ta shinshina, ta sake shinshinawa. Sai ta ce, “Babanku ya dawo ne? Ku ɗauke tabarma daga jikin bango.” Yanzu haka kwalin yana ƙarƙashin matashinta, ta hana kowa taɓawa.

To ka ji. Kai kana can kana neman launi, kana shirin korar wari. Ban san me za ka yi da wannan ba, kai ne mai fenti. Ka zo ka ɗauke ta da kanka ranar da zan shiga asibiti, kada ka aiko direba. Zan gwada barin ta a wurinka. Amma na gaya maka, in ta ƙi ci, ka gaya min gaskiya.

Yayarka

* * *

Yaya! Yaya!

Sallama dai, ga gaisuwa, amma yau ba zan iya jan ta ba. Auta ta ce an yi aiki lafiya, kin farfaɗo har kin fara yi wa masu jinya gyara. Alhamdu lillahi. Na ce ta karanta miki wannan a hankali, kada ki yi dariyar da za ta taɓa ɗinki. Kin ce in gaya miki gaskiya, to ga ta duka.

Kafin in zo ɗaukarta na sa aka ɓata bangon nan da aka goge. Da hannuna na bi shi da burushi mai kauri, faci-faci, wani kan wani, yadda hannu zai ji tudu da kwari. Mai filasta ya ga aikinsa ya kusa kuka. Na bar shi ya bushe sarai, don ƙirjin tsohuwa ba zai ɗauki warin ɗaki guda ba. Bokitin kuma na ajiye shi bayan ƙofa da murfinsa.

Muka shiga mota. Ƙullin ɗankwalin nan yana cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu. Da muka iso, uwar yara ta durƙusa ta gaishe ta, jikoki suka kewaye ta, ta ce, “Sannunku, mutanen kirki. Yaushe za a mayar da ni?” Ta ƙi gado. Ta zauna a kujera bakin ƙofar ɗaki. Aka kawo abinci, ta ce ta ƙoshi. Aka kawo shayi, ya huce a wurin. Ni ma Alhaji take ce min, kamar wani baƙo. Na ce shi ke nan, na sa an yanka Yaya a banza.

Da la'asar na dawo daga masallaci da farar rigata sabuwa, wadda na ɗinka musamman don tarbarta. Ban tsaya canzawa ba. Na buɗe tagogi, na jawo bokitin a ƙasa da gangan don ya yi ƙara, na buɗe murfi, na zuba ɗan kananzir, na hau juyawa da sanda. Na shafa wuri kaɗan kusa da taga, bai fi faɗin sallaya ba.

Sai na ji kujera ta motsa. Ta miƙe, ƙullin a hannu ɗaya, ɗayan hannun a bango. Ta shafa, ta tsaya. Ta sake shafawa, yatsunta na bin tudun burushin nan. Ta shigo ɗakin taku ɗaya, biyu, hancinta a sama. Ni kuma na ja da baya don in ba ta hanya, na jingina da bango. Wallahi ba da niyya ba. Kin san inda na jingina.

Ta ji ƙarar riga ta manne. Ta ce, “Kai! Bakan-gizo! Tashi daga jikin bangon nan! Wai kai wane irin yaro ne? Sabulun nan kai kake saye?”

Na ce, “Yi haƙuri, Gwaggo.”

Ta ce, “Haƙurin me? Cire ta maza kafin ya bushe. Ina 'yar banzar yayar taka, ba ta ganinka ne?”

Na ce kin je gyaran ƙafa, za ki dawo. Ta ce, “Yawonta ya yi yawa.” Ki ji fa, kina kan gadon asibiti ma ba ki tsira ba.

Sai ta zauna a bakin gadon da ta ƙi, ta kwance ƙullin da kanta. Kin san me ke ciki, ke kika sani, ni ban sani ba: carbinta, zane biyu, kwalin fentin da na aiko, da guntun sabulu. Ta miƙo min sabulun ta ce a kawo ruwa a roba. Mai kamfani guda, Yaya, tsaye da singileti a gaban matarsa da 'ya'yansa, tsohuwa na cuɗa masa riga tana yi masa faɗa. Uwar yara ta toshe baki da gyale ta gudu kicin, ban sani ba dariya take ko kuka. Ni dai na san wanda nake yi.

Da ta gama ta ce wankin ya sa ta yunwa, wai gidan nan ba a dafa abinci ne? Ta cinye, ta nemi ƙari. Zannuwanta yanzu suna cikin durowa, ita ta jera su. Da safe ta tambaye ni ko Baba ya samo wani launin. Na ce yana hanya. Na riga na gaya wa Dogo, duk mako a kawo min gwangwanaye, ni zan riƙa shafa faci ɗaya da kaina.

Saboda haka ki kwanta, ki bi maganar likita, ki yi tafiyar da za su koya miki ba gardama. In kin warke akwai ɗaki kusa da nata, ki zo ki karɓi naki faɗan da kanki, na gaji da karɓar miki.

Rigar tana kan igiya. Tabon bai fita ba. Uwar yara ta ce a kai wa mai wanki ya gwada da fetur, na ce duk wanda ya taɓa ta ya bar min gida.

Ƙaninki,
Bakan-gizo